Taga ta zama fuska: tsofaffin haruffan Sinanci da ra'ayin "komawa ga hoto"

1. Maganar da ake yi

Duk wanda ya bi abin da aka rubuta game da harshen intanet a ƙasar Sin tun daga shekarar 2008 ya ci karo da harafin 囧, kuma da wuya bai ci karo da bayanin da ke yi masa rakiya ba. Ga yadda bayanin yake tafiya: wai da hoto rubutun Sinawa ya fara, shekaru fiye da 3000 da suka wuce, da tafiya ta yi nisa sai hoton ya dushe, haruffa suka koma zane-zanen da ake haddacewa kawai, sai ga samarin zamani, da kwamfuta da wayar hannu, sun tono wani tsohon harafi da aka daina amfani da shi, sun hango fuskar mutum a cikinsa, sun mayar da rubutu gidansa na fari. Maganar tana da daɗin faɗa, tana kuma da sauƙin riƙewa. Shi ya sa take yawo daga jarida zuwa jarida, har takan faɗo cikin kundayen ɗalibai a fannin nazarin alamomi (sémiologie) tamkar abin da ba ya bukatar hujja.

A cikin wannan ƴar takarda muna so mu ɗora maganar a kan sikeli. A ganinmu ta cakuɗa abubuwa daban-daban waɗanda hanyar aikinsu ta sha bamban, sa'an nan ta kau da kai daga abin da ya fi jan hankalin mai nazarin harshe, wato rawar da furuci ya taka a cikin al'amarin.

Sai mun daidaita kalmomi biyu tukuna. Idan muka ce "harafi" a nan, muna nufin abin da Faransanci ke kira caractère: zane guda mai cika gurbi guda a layi, wanda ke tsaye a madadin gaɓa guda ta furuci, kuma galibi ƙwayar ma'ana guda. Abin da ake kira émoticône kuwa za mu ce masa "ƴar-fuska": alamomin rubutu da aka harhaɗa don su nuna yanayin fuskar mai magana, kamar :-) wadda Scott Fahlman ya ba da shawarar a yi amfani da ita a jami'ar Carnegie Mellon ta Amurka ranar 19 ga Satumba 1982, ko kuwa (^_^) ta Japanawa, wadda ake karantawa a tsaye ba sai an karkata kai ba.

2. Abin da 囧 yake, da abin da aka gani a cikinsa

Harafin yana da furuci, jiǒng, da karin sauti na uku daga cikin huɗun da Sinancin Bejin yake da su. Xu Shen, wanda ya harhaɗa ƙamusun Shuowen jiezi wajen shekara ta 100 miladiyya, ya bayyana shi da cewa hoton taga ne mai raga, wadda haske ke ratsowa ta cikinta. Daga nan ma'anar "haske" ta fito. A cikin wannan ƙamus ɗin, kalmar míng "haske", wadda a yau ake rubutawa 明 da rana da wata, tana da siffar 朙, wato taga da wata: farin wata yana leƙowa cikin ɗaki. Bayan haka 囧 ya yi ta ja da baya har ya zama na masu binciken ƙamus kaɗai, yana kwance tare da dubban irinsa a cikin babban ƙamusun Kangxi na 1716 mai haruffa kimanin 47,000.

A tsakiyar shekarun 2000 ya farka a hirar samari ta intanet a Taiwan, ya haura Hong Kong, sa'an nan a 2008 ya game babban yankin Sin. Abin da aka gani a cikinsa ba boyayye ba ne ga kowa, ko da bai san Sinanci ba. Akwatin waje shi ne kai. Layuka biyun da suka zubo hagu da dama, masu kama da harafin 八 "takwas", su ne girar da ta faɗi. Ƙaramin akwatin ƙasa kuwa baki ne a sake. Fuskar mutum ce wanda ya yi sororo, kunya ta kama shi, ko abin ya fi ƙarfinsa ya rasa ta cewa.

To, a nan ne ra'ayin "komawa ga asali" ya fara tuntuɓe. Siffar harafin ta dā, a kan ƙasusuwan duba na daular Shang da aka tono a Anyang da kuma a jikin tukwanen tagulla, da'ira ce mai ƴan ƙugiyoyi da suka miƙo daga gefe zuwa ciki. Babu gira, babu baki. Kusurwoyi huɗun nan da miƙaƙƙun layukan sun zo ne daga baya, lokacin da magatakardan daulolin Qin da Han suka miƙar da lanƙwasar tsohon rubutu don alƙalamin gashi ya yi sauri. Wato fuskar da ake gani ƴar wannan sauyin ce, sauyin da ya kashe hoton farko. Da a ce tagar ta ci gaba da kama da taga, da babu wanda zai hango mutum a cikinta. Samarin 2008 ba su waiwayi zamanin Shang ba. Siffar da ke kan allon kwamfutarsu suka kalla, suka ɗora mata sabon dalili. Wannan shi ne abin da masana ke kira remotivation, wato a sake nema wa alama dalili bayan dalilinta na fari ya ɓace.

Mu da muka zauna gaban allo ba baƙi ba ne ga wannan. Almajiri yakan kira wani harafi "ain baki wofi", ya kira ɗan'uwansa na tsakiyar kalma "ain likkafa". Sunan harafin a Larabci "ido" yake nufi, kuma a tsohon rubutun Finikiyawa da'ira ce, hoton ido, wadda ita ce ta haifi O na boko ta hanyar Girkanci. Yaron makarantar allo ya dubi abin da asalinsa ido ne ya ga baki a buɗe, ya sake duba ya ga likkafa. Babu malamin da zai ce ajami ya koma rubutun hoto saboda haka.

3. Abubuwan da aka zuba a kwando ɗaya

Idan aka tattara misalan da akan kawo tare da 囧, za a ga ba dangi ɗaya ba ne.

Akwai waɗanda zane ne zalla, an tuɓe musu furuci da ma'ana baki ɗaya. A cikin ƴan-fuskokin Japanawa akan sa 皿, wanda ma'anarsa "kwano", a gurbin baki don ya nuna haƙora a cije. Akan sa 艸, tsohuwar siffar "ciyawa", don ya nuna hannaye biyu sun rufe baki ana dariya. 凸 "abin da ya turo" yakan zama yatsa na tsakiya a miƙe, alamar zagi. Haka kuma orz, wanda ya fito daga Japan a farkon shekarun 2000: o kai ne, r hannaye da kafaɗa, z gwiwoyi a ƙasa, mutum ne ya durƙusa don baƙin ciki ko sallamawa. Ya yi suna a Taiwan har ya fito a jarrabawar shiga jami'a ta 2006, inda aka nemi ɗalibai su mayar da irin wannan rubutu zuwa daidaitaccen Sinanci. Da 囧 ya zo sai aka cire o aka sa shi, aka sami 囧rz. Wasu suka ƙara 崮rz, don 山 "dutse" da ke saman 崮 ya yi kama da kambin sarki, alhali kuwa 崮 sunan wani irin tsauni ne mai shimfiɗaɗɗen kai da ake samu a sunayen wurare a lardin Shandong.

Wannan rukuni shi ne mafi kusa da hoto, amma shi ne kuma wanda bai gaya mana kome ba game da rubutun Sinanci. Dalili kuwa, abin da ake yi wa 皿 shi ake yi wa o da r da z na boko, shi ake yi wa Д na Rashanci a cikin (ﾟДﾟ), shi ake yi wa ツ na Japananci, shi ake yi wa ಠ na rubutun Kannada na kudancin Indiya a cikin ಠ_ಠ. Yawancin masu aika wannan ta ƙarshe ba su san sunan harshen ba ma. Ido ne na ɗan Adam, wanda ke ganin fuska a jikin gajimare da gaban mota. Duk abin da madannai suka ba shi zai yi aiki da shi.

Rukuni na biyu ya fi ban sha'awa, kuma shi ne aka fi yi wa gurguwar fahimta. Ga misalai:

(1) 槑 méi: tsohuwar siffar 梅, sunan wani itace mai fure a ƙarshen hunturu. An karanta shi 呆 + 呆, wato dāi "dolo" sau biyu: dolon gaske.

(2) 兲 tiān: tsohuwar siffar 天 "sama". An karanta shi daga sama zuwa ƙasa 王 + 八, wángba "kunkuru", wanda zagi ne mai nauyi a Sinanci.

(3) 烎 yín: "haske". An karanta shi 开 + 火, kāi huǒ "buɗe wuta", kirarin masu wasan kwamfuta idan za su afka wa abokan karawa.

(4) 又双叒叕 yòu shuāng ruò zhuó: haruffa huɗu da ba su da dangantakar ma'ana, an jera su don 又 "kuma" ya bayyana sau ɗaya, sau biyu, sau uku, sau huɗu: "kuma dai, kuma dai, har yanzu dai".

Babu hoto ko ɗaya a nan. Wanda bai san 呆 "dolo" ne ba, ko ya kwana yana kallon 槑 ba zai ga wauta a ciki ba. Wanda bai san kunkuru zagi ba ne ba zai ji zafin 兲 ba. Karatu ne ake yi, karatun ƙananan haruffa a cikin babba, kuma sai wanda ya iya harshen ya yi makaranta zai iya shi. Bugu da ƙari, misali na (3) da na (4) suna ɗauke da tambarin zamaninsu. 开 da 双 siffofi ne na sauƙaƙaƙƙen rubutu da hukumar Bejin ta tabbatar tun daga gyaran 1956; a Taiwan da Hong Kong 開 da 雙 ake rubutawa, kuma da waɗannan wasan ba ya tashi. Abin da aka ce gadon shekaru 3000 ne, ashe a wasu wurare bai girmi gyaran rubutu na tsakiyar ƙarni na 20 ba.

Idan ana neman kakan wannan wasa, ba a kan ƙasusuwan Anyang yake ba. Yana cikin tsohuwar al'adar chāizì, "tsaga harafi", wadda masu duba da masu kacici-kacici suka daɗe suna yi. Da ita ake kiran soja, 兵, da laƙabin 丘八. Da ita ake kiran cikar mutum shekara 88 "shekarar shinkafa", domin 米 "shinkafa" yana tsaguwa ya ba da 八十八. Wasan masu ilimi ne da siffar rubutu, irin wanda ba ya yiwuwa sai rubutun ya kafu ya zama abin da kowa ya sani a ka.

Abin tambaya shi ne me ya sa masu sharhi, musamman na Turai, suke gaggawar ganin hoto a duk inda harafin Sinanci ya motsa. Amsar tana da tarihi. Tun daga Athanasius Kircher da littafinsa China illustrata na 1667, da Leibniz mai mafarkin rubutun da zai wuce harsuna ya isa ga tunani kai tsaye, har zuwa maƙalar Ernest Fenollosa da Ezra Pound ya buga a 1919, an riƙa ɗaukar harafin Sinanci a matsayin ɗan hoton tunani. Saussure kansa, a cikin Cours na 1916 wanda dukanmu muka tashi da shi, ya raba rubutu gida biyu ya sa Sinanci a matsayin babban misalin rubutun da ba ruwansa da sautin kalma. Amma tun 1838 Peter Du Ponceau ya nuna cewa kalmomin harshe haruffan ke wakilta, kuma John DeFrancis ya sake rushe ginin a littafinsa na 1984. Lissafin ma bai goyi bayan masu hoto ba: a cikin haruffa 9,353 na ƙamusun Xu Shen, waɗanda hoto ne zalla ba su kai kashi 5 cikin ɗari ba, sa'ad da fiye da kashi 80 cikin ɗari haɗi ne na ɓangare mai nuna fannin ma'ana da ɓangare mai nuna furuci. Ra'ayin "komawa ga hoto" tsohuwar riga ce aka wanke aka sa wa sabon yaro.

4. Gwajin jimla

Saura 囧 kansa, wanda ba ya zama daram a rukuni na farko ko na biyu. Mun yarda cewa da ido ya shigo. Abin da muke musu shi ne a ce a nan ya tsaya.

Akwai gwaji mai sauƙi da kowane ɗalibin ginin jimla zai iya yi. Ƴar-fuska ta gaskiya a gefen jimla take zama, galibi a ƙarshe, kamar yadda murmushi ke raka magana ba tare da ya zama kalma a cikinta ba. Ba a furta ta, ba a ƙarfafa ta, ba a kore ta, ba a yin tambaya da ita. Ba wanda zai rubuta "na :-) ƙwarai" a Hausa ya ce ya yi jimla. Ga kuwa abin da ake yi da 囧:

(5) 我很囧 wǒ hěn jiǒng
ni / ƙwarai / jiǒng
"Kunya ta kama ni ƙwarai."

(6) 太囧了 tài jiǒng le
ya-yi-yawa / jiǒng / ƙarshen jimla
"Abin kunyar ya yi yawa."

(7) 囧不囧 jiǒng bu jiǒng
jiǒng / ba / jiǒng
"Da kunya ko babu?"

(8) 囧事 jiǒng shì
jiǒng / al'amari
"abin kunya, abin da ya sa mutum ya yi tsuru-tsuru"

A (5) da (6) ya karɓi kalmar ƙarfafawa, a (7) ya shiga ƙirar tambaya ta maimaitawa da korewa wadda aikatau da sifa kaɗai ke shiga, a (8) ya zama ɓangaren harɗaɗɗen suna. Duk abin da sifa ke yi a Sinanci yana yi. Kalma ce, ana faɗarta da baki a kasuwa da cikin aji inda babu allon da za a kalla.

Yaya aka yi taga mai haske ta sami wannan gurbi cikin sauƙi haka? Domin gurbin yana nan tun da can. Sinanci yana da wata kalma, 窘, mai furuci jiǒng da karin sauti iri ɗaya sak, wadda ma'anarta "matsuwa, shiga tsaka mai wuya, jin kunya". Ita kanta misali ce ta haɗin da muka ambata: 穴 "kogo" a sama yana nuna ƙunci, 君 jūn a ƙasa yana nuna furuci. Wato sa'ad da ido ya ga fuskar mai jin kunya a cikin 囧, kunne ya riga ya san wata jiǒng mai wannan ma'ana. Gamon katar ne: siffa da sauti suka nuna wuri guda. Ta fuskar ilimin harsuna, hanya mafi gajarta ta bayyana (5) zuwa (8) ita ce a ce 囧 sabuwar riga ce, mai ban dariya, da aka sa wa tsohuwar kalma, ma'anarta kuma ta ɗan faɗaɗa ta haɗa da mamaki da rasa abin yi. Mun lura cewa 兲 da 烎, waɗanda furucinsu bai yi daidai da ma'anar da aka ɗora musu ba, sun yi ƴan shekarunsu sun lafa ba tare da sun shiga maganar baka ba. Ba a cewa tiān a nufi zagi. Sai an gani a rubuce.

Sinima ta ba da shaidar da ta fi kowace ƙarfi. A 2010 aka fitar da fim ɗin 人在囧途, Rén zài jiǒng tú, labarin wani attajiri da wani ɗan ƙauye da wahalar hanya ta haɗa su a lokacin tafiye-tafiyen sabuwar shekara. Xu Zheng da Wang Baoqiang ne suka fito a ciki. A Disamban 2012 Xu Zheng ya shirya na biyu, wanda kowa ke kira 泰囧, Tài jiǒng, ya kuma tara fiye da yuwan biliyan 1.2, abin da wani fim na cikin gida bai taɓa yi ba kafin lokacin. A lura da sunan: 泰 tài shi ne gaɓar farko ta sunan ƙasar Tailan inda labarin ya gudana, amma furucinsa ɗaya ne da 太 tài na misali na (6). Wanda ya ji sunan a rediyo ya ji "kunya a Tailan" ya kuma ji "kunya ta yi yawa" a numfashi guda. Wasan na kunne ne tsantsa. An bi shi da 港囧 a 2015, sa'an nan 囧妈, Jiǒng mā, wanda aka saki kyauta ta intanet a Janairun 2020 da annoba ta sa aka rufe gidajen sinima. A wannan lokacin aikin nuna fuska ya riga ya koma hannun ƙananan hotuna masu launi, emoji, waɗanda suka shiga ma'aunin Unicode a 2010, da kuma hotunan barkwanci da ake liƙawa a saƙo. Fuskar 囧 ta rasa kasuwa a gabansu. Gaɓar jiǒng ce ta ci gaba da sayar da tikiti.

5. Masu kukan an ɓata harshe

Ba za mu daɗe a kan waɗannan ba. Kukansu shi ne an ɗauki harafi mai ma'anar haske an mayar da shi abin wasa. Amma aron harafi ya girmi kukan da shekaru dubbai, kuma Xu Shen da kansa ya lissafa shi cikin hanyoyi shida na samuwar haruffa. 來 hoton alkama ne kafin a are shi don "zo". 萬 kunama ce kafin ta zama "dubu goma". Ba mu ji wanda ya nemi a mayar wa kunama haƙƙinta ba. Bambancin kawai shi ne aron dā ta hanyar sauti aka yi shi, na yanzu kuwa wani ta siffa, wani ta sauti, wani ta duka biyun. Ko ƙirƙira don son rai ma tana da magabata masu daraja: sarauniya Wu Zetian, a ƙarshen ƙarni na 7, ta sa an haɗa mata 曌, rana da wata a bisa sarari, don ya zama sunanta. Abin da aka yarje wa fada ne ake hana wa ɗakin kwanan ɗalibai.

6. Ƙofar da harafin ya biyo

Akwai tambayar da masu ra'ayin hoto ba su cika yi ba: me ya sa sai a waɗannan shekarun? Siffar 囧 ba ta sauya ba tun ƙarnoni da yawa, fuskar tana nan a cikin ƙamus tana jiran mai kallo. Abin da ya sauya shi ne hanyar isa gare ta.

Ma'aunin farko da ƙasar Sin ta kafa don shigar da haruffa cikin kwamfuta, GB 2312 na 1980, haruffa 6,763 ya ƙunsa, waɗanda ake bukata yau da kullum, kuma 囧 ba ya cikinsu. A 1993 Unicode 1.1 ya zo da haruffa 20,902 da aka tattaro daga ma'aunan Sin da Taiwan da Japan da Koriya, a cikinsu har da namu, mai lamba U+56E7. A 1995 ma'aunin GBK ya shigar da wannan tarin cikin kwamfutocin babban yankin. Kwamitocin da suka yi wannan aiki sunayen mutane da na wurare da tsofaffin littattafai suke tunani. Ba da niyya ba suka zuba dubban matattun haruffa a hannun yara ƴan shekara goma sha.

Sai dai zama cikin ma'auni bai isa ba, kuma mu masu rubuta Hausa mun fi kowa sanin haka. Haruffanmu masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, suna da lambobinsu a Unicode tun farkon shekarun 1990, amma madannan AZERTY da ke ofisoshinmu ba su da ƙofar da za a kira su, shi ya sa har yau ake karanta "kasa" a rasa ko ƙasa ake nufi. Harafi yana rayuwa ne idan yatsa na iya kai masa.

A Sinanci ƙofar ita ce manhajar shigar da rubutu. Mafi yawan mutane a babban yankin da pinyin suke bugawa, wato rubutun Sinanci da haruffan boko da aka amince da shi a 1958. A Taiwan kuma da alamomin furuci na zhuyin. Mutum yakan buga furucin gaɓa, na'ura ta jero masa dukan haruffan da ke da wannan furuci, sanannu a gaba, baƙi a can baya, shi kuma ya zaɓa. A cikin irin wannan jeri ne tsofaffin haruffa suke fitowa fili, kowanne a gefen ƴan'uwansa na sauti, ba na siffa ba. Wanda ke son aika wa abokinsa 槑 dole ya fara sanin cewa méi ake ce masa, furucin da watakila kakansa mai ilimi bai sani ba. Wanda kuma ke son aika fuskar nan mai faɗaɗɗiyar gira, yatsunsa haruffa biyar za su taɓa, j, i, o, n, g, sa'an nan ya duba jerin da ya fito, inda 窘 da 囧 suke zaune a layi ɗaya, ya zaɓi wanda ya ga dama.